Kafin 'yan jere su iso

Ana saura mako biyu bikin yayana a Dandamisa, dangin amarya suka aiko cewa gadonsu ƙafa 6 ne tsawo da faɗi, ga sif mai ƙofa huɗu, ga madubi. Ɗakin kuwa ƙafa 12 ne kowane gefe. Wai tunda ni ɗan foli ne, in faɗa musu ko kayan za su shiga.

Na fara da Planner 5D a waya. Ya burge ni, amma yawancin kayan ɗakinsa a kulle suke, sai ka biya. Floorplanner kuma sai da intanet, ga sabis ɗin garinmu yana zuwa yana ɗaukewa.

Sweet Home 3D ce ta fisshe ni. Kyauta ce, sau ɗaya za ka sauke ta a kwamfuta, shi ke nan ba ruwanka da data. Ka auna ɗaki da tef, ka zana bango, ka sa ƙofa da taga, ka gyara girman gado daidai da awon kafinta. Har yadda ƙofa ke buɗewa tana nunawa, a nan na ga tamu za ta bugi sif. Muka mayar da shi bangon gabas, madubin kuma aka bar shi a falo.