Noti Mai Makulli: Yadda Yake Aiki da Yadda Ake Kwance Shi Idan Mabuɗi Ya Ɓata

Tayar ƙaramar mota tana ɗaure ne da notuna huɗu ko biyar, kuma kowannensu yana da kai mai kusurwa shida wanda sifanar taya take kamawa ta juya. Sauƙin da wannan tsari ya ba direba shi ne kuma ya ba ɓarawo, domin duk mai sifana da jak zai iya raba mota da tayoyinta cikin ɗan lokaci. Don toshe wannan kafa aka ƙirƙiro noti mai makulli, wato noti guda ɗaya a kowace taya wanda aka yi kansa a mulmule, aka sassaƙa masa wani zane na musamman da ba abin da zai shiga cikinsa sai wani ɗan guntun ƙarfe mai zane irinsa, wanda shi ne mabuɗinsa. Ana zura mabuɗin a kan notin, a ɗora sifana a bayansa, sannan a juya. Kamfanin McGard na jihar New York a Amurka yana cikin waɗanda suka fara yaɗa irin wannan noti tun shekarun 1960, daga baya masu ƙera motoci suka riƙa fito da shi a jikin motocin da ke da rim na aloyi, wato rim marar nauyi da ake yi da gaurayen sanholo, wanda tsadarsa take jan idon ɓarayi.

Yawancin motocin da ke zirga-zirga tsakanin Birniwa da Haɗeja da Malam Madori da Nguru, motoci ne da aka yi amfani da su a Turai ko Amurka kafin a shigo da su, da can ta Kwatano, sannan ta tashoshin jiragen ruwa na Legas bayan gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga watan Janairun 2017. Mota irin wannan takan bi ta hannun dillalai da yawa kafin ta kai ga mai ita, kuma a wannan doguwar hanya notunan sukan tsaya daram a jikin taya, mabuɗin kuwa, da yake bai wuce babban yatsa ba, yakan salwanta. Mai saye yakan duba inji da giya da fenti da takardun kwastan, amma da wuya ya sunkuya ya ƙirga notunan taya, don haka ba ya sanin akwai matsala sai ranar da ƙusa ta huda taya, mai faci ya kwance notuna huɗu, na biyar ya ƙi sifana.

Yanayin ƙasar Haɗeja yana ƙara wa lamarin nauyi. A kudancin yankin, inda kogin Haɗeja yake malala cikin fadamu, motoci sukan kutsa ruwa da laka da damina, musamman a shekarun ambaliya irin su 2020 da 2022, kuma ruwan da ya kwanta a zaren noti yakan haifar da tsatsar da take liƙe shi da ƙarfen da yake ɗaure a kai. A jigayin arewa kuwa, rairayi da ƙura ne suke cika zanen kan notin har mabuɗi ya kasa zama sosai. Amma abin da ya fi waɗannan ɓarna shi ne ɗaurin wuce kima. Masu ƙera mota suna auna ƙarfin ɗauri da ma'aunin da ake kira niyuton-mita, kuma ɗari na wannan ma'auni daidai yake da nauyin kusan kilo 10 da aka rataya a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya. Toyota Corolla tana buƙatar 103, yawancin ƙananan motocin Honda 108, Volkswagen Golf kuma 120. Idan yaron mai faci mai nauyin kilo 70 ya zura bututu mai tsawon mita ɗaya a hannun sifana ya hau kansa ya tsaya, ya ɗora wa notin kusan 700, wato kusan ninki shida zuwa bakwai na abin da ya dace, kuma siririn zanen mabuɗi ba a yi shi don ɗaukar wannan ba.

Idan mabuɗi yana nan, aikin ba shi da wuya matuƙar an bi tsari. Ana tsayar da mota a wuri mai tauri da ba gangare, a ja birkin hannu, a sa dutse ko katako a tokare wata tayar, sannan a sassauta notuna tun taya tana ƙasa kafin a ɗaga jak. Ana fara goge zanen notin da ɗan buroshi ko tsinke, a tura mabuɗin har ya zauna ba tare da ya karkace ba, a danna shi da hannu ɗaya, a juya sifana zuwa hagu a hankali, akasin yadda hannun agogo yake tafiya. Noti mai makulli shi ake fara kwancewa, shi kuma ake ɗaurewa a ƙarshe, domin idan aka bar shi shi kaɗai yana riƙe da taya duk matsin rim yakan koma kansa. Injin ɗaure noti mai aiki da iska ko batir, wanda yake bugu yana juyawa, bai dace da mabuɗi ba, domin bugunsa yana cinye zanen ko ya tsaga ƙarfen.

Idan kuwa ba a ga mabuɗin ba, mataki na farko shi ne bincike, domin sau da yawa yana cikin motar: a aljihun gaban fasinja, ko ƙarƙashin shimfiɗar but kusa da safayar taya, ko cikin jakar jak, ko a aljihun ƙofa. Wani lokaci akan sami ɗan kati ko akwati mai ɗauke da lambar zanen, wadda da ita ake iya neman sabon mabuɗi daga dillalan kamfanin. Wasu motocin Turai suna da zane iri kaɗan ne kawai, saboda haka wanda ya ɗauki hoton kan notin da waya ya aika wa masu sayar da kayan mota a Ƙofar Ruwa a Kano zai iya dacewa da irinsa, a saka masa a motar haya ta kawo. Wannan hanya tana cin lokaci, amma ita kaɗai ce ba ta taɓa rim.

Sai an rasa wannan ake komawa ga ƙarfi, shi ma hawa-hawa. Ana fara fesa wa notin man sassauta tsatsa a bar shi ya jiƙa, a ƙara ɗaure sauran notunan tayar don su rage masa nauyi. Daga nan makanike yakan ɗauko soket, wato ƙarfen nan mai kama da ƙoƙo da ake kifawa a kan noti, ya zaɓi mai kusurwa goma sha biyu wanda ya ɗan gaza kan notin faɗi, ya buga shi da guduma har haƙoransa su nutse, sannan ya juya da dogon hannu. Akwai kuma soket na musamman mai murɗaɗɗen zare a ciki da aka yanka ta hagu, wanda yake ƙara cizon notin gwargwadon yadda ake juya shi. Duka biyun ba sa aiki a kan notin da aka yi wa zobe mai juyawa a wajensa, domin zoben zai yi ta zagayawa notin yana tsaye. Irin wannan sai an fara fasa zoben da kurfi tukuna, kuma kuskuren bugu ɗaya yakan bar tabo a rim ko ya tsaga shi.

Hanya ta ƙarshe ita ce walda, inda ake liƙa babban noti na yau da kullum a kan mai makullin don sifana ta sami abin kamawa. Tana aiki, amma tana da sharuɗɗan da ba a wasa da su. Dole ne a cire kan batir don kare na'urorin lantarkin mota, a maƙala wayar ƙasa ta injin walda kusa da notin don kada wuta ta ratsa ta cikin boris ta lalata shi, a rufe rim daga tartsatsi, kuma a sace iskar tayar gaba ɗaya a cire ƙwayar bawul, domin zafin da ya bi rim ya shiga roba yana iya tayar da matsin da zai fasa taya, har ma bayan an kashe wuta. Wannan aiki na ƙwararren mai walda ne, kuma a gareji ake yin sa.

Bayan an cire notin, wanda zai maye gurbinsa sai ya dace da motar ta fuska biyu. Ta farko ita ce zare: Toyota da Honda suna amfani da mai kaurin milimita 12 da tazarar 1.5, Nissan da Peugeot 12 da 1.25, Golf na baya-bayan nan kuma 14 da 1.5, kuma yawancin motocin Turai bol suke da shi wanda yake shiga cikin mota, na Japan kuwa noti ne da ake ɗaurawa a kan ƙarfen da ya fito. Ta biyu ita ce gindin notin, wanda yakan zama mai tsini, ko mai kumbo, ko shafaffe mai washa, gwargwadon ramin rim. Notin da gindinsa bai dace ba yakan sassauta a kan hanya. Ba a shafa wa zare giris ko baƙin mai, ana ɗaure notuna a tsallake kamar zanen tauraro, sannan a sake duba su bayan tafiyar kusan kilomita 50.

Makanikai da masu faci su ma suna da haƙƙi a wuyansu, domin dabarar da take ceton mai mota ita ce ɓarawo yake nema, saboda haka ya kamata su nemi ganin takardun duk motar da ba su san mai ita ba kafin su fasa mata makulli. Shi kuma mai mota yana da zaɓi biyu. Wanda motarsa take kwana a titi ko a tasha, kuma rim ɗinta mai tsada ne, yana da dalilin barin makullin, da sharaɗin ya ajiye mabuɗi a cikin motar, ya rubuta lambarsa a gida. Wanda kuwa motarsa take kwana cikin gida kuma take yawan bin hanyoyin ƙauye, inda gareji yake da nisa, ya fi masa alheri ya canza su da notuna na yau da kullum. Ko wanne aka zaɓa, Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya: duk mai sayen mota ya nemi mabuɗin noti kafin ya biya kuɗi, ya gwada shi a tayoyi huɗu a gaban dillali, wanda kuma ya riga ya saya ya duba nasa tun kafin damina ta faɗi.