Tallar kaya ta bidiyo: me ya sa atamfa mai kyau take isa wajen mai saye dishi-dishi?

A yau ciniki mai yawa a ƙasarmu cikin salula yake farawa. Mai albasa a Galmi, mai atamfa a babbar kasuwar Maraɗi, mai kilishi a Yamai, mai raguna a Tawa, da mai kayan ɗaki a kasuwar Dole ta Damagaram, kowa kan ɗauki bidiyon hajarsa ya tura wa abokin ciniki da ke nesa, tun da Hausawa sun ce gani ya kori ji. Sai dai sau da yawa abin da ya fita daga hannun mai kaya ba shi ne yake isa hannun mai saye ba. Zanen atamfa ya cakuɗe, ƙyallin shadda ya mutu, kuɗin kiredi sun tafi, kuma mai saye ya yi shiru, ko ya taya da rabin kuɗi domin a ganinsa kayan ba su da kyau. Mun ga ya dace mu yi bayanin abubuwa biyu da ke haddasa haka, wato yawan hotunan da waya take ɗauka cikin sakan guda, da kuma yadda ake matse bidiyo kafin a aika shi.

Bidiyo hotuna ne a jere

Abin da muke kira bidiyo hotuna ne tsayayyu da ake nunawa ɗaya bayan ɗaya da sauri. Idan suka kai kamar 10 zuwa 12 cikin sakan, ido yakan fara ganin su tamkar motsi, ko da yake da ɗan tsalle-tsalle. Tun ƙarshen shekarun 1920, lokacin da aka fara sa murya a finafinai, masu sinima suka tsaya kan hoto 24 a sakan, kuma har yau yawancin finafinan duniya a haka ake yin su.

Tele kuwa da wutar lantarki ta yi lissafinta. A Faransa da Ingila da Nijar da Najeriya, wutar tana juyawa sau 50 a sakan, shi ya sa aka ɗora tele kan hoto 25. A Amurka tana juyawa sau 60, sai suka ɗauki hoto 30. Yawancin wayoyin da ke hannunmu da 30 suke zuwa, wasu kuma suna ba da zaɓin 60. Wanda ya buɗe saitin kyamarar wayarsa zai ga lambar tare da haruffan fps, ko ips idan wayar da Faransanci take, kuma ma'anarsu ke nan: hoto nawa a sakan.

Yadda ake matse bidiyo

Hoto guda na ma'aunin da ake rubutawa 1080p yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato ɗigo sama da miliyan 2. Idan aka adana shi yadda yake, zai ci kusan mega 6. Hoto 30 ke nan sun haura mega 180 a sakan guda, minti ɗaya kuwa ya kai jiga 11. Babu ɗan kasuwar da zai iya biyan kuɗin tura wannan. Dole sai an matse.

Dabarar matsewar mun san irinta a kasuwa. Mai shago ba ya ƙirga dukan hajarsa kowace safiya. Yakan yi babban ƙirga sau ɗaya, daga nan sai ya riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kawai. Haka na'ura take yi: takan adana hoto guda cikakke, sa'an nan a hotunan da ke biye ta rubuta abin da ya sauya kaɗai. Idan Hajiya tana nuna turmin atamfa a gaban bango, bangon bai motsa ba, don haka babu dalilin sake adana shi sau 30. Lokaci-lokaci kuma sai a sake ɗaukar cikakken hoto, kamar yadda mai shago yake sake babban ƙirga. Bayan haka na'urar takan zubar da ƙananan abubuwan da take ganin ido ba zai lura da rashinsu ba. Da wannan dabara ne tsarin H.264, wanda ya fito a 2003, da ƙanensa H.265 na 2013, suke mayar da jiga 11 ya koma mega 60 ko kusa da haka.

Manyanmu za su tuna da faifan bisidi na finafinan Hausa da ake kawowa daga Kano. Hotonsa ɗigo 352 ne da 288, hoto 25 a sakan, kuma faifai ɗaya ba ya ɗaukar fiye da minti 74 zuwa 80. Idan ƴan wasa suna zaune suna magana hoto yakan fita lafiya, amma da an shiga rawa sai fuska ta farfashe gida-gida. Dalili shi ne motsi ya yi yawa, abin da ya sauya ya fi ƙarfin rabon da aka ba kowane sakan.

Shin 60 ta fi 30?

Mutane da yawa sukan zaɓi lamba mafi girma da tunanin ita ce mafi kyau. A gaskiya kowace da wurinta. Hoto 60 yana sa motsi ya tafi sumul, amma yana ƙara nauyi. Nauyin ba ya ninkawa biyu, saboda hotunan da ke kusa da juna sun fi kama da juna, abin da za a rubuta tsakaninsu kaɗan ne. Kamfanin YouTube, a shawarar da yake ba masu ɗora bidiyo na 1080p, ya sa megabit 8 a sakan ga mai hoto 24 zuwa 30, megabit 12 kuma ga mai 48 zuwa 60. A lissafin minti guda, mega 60 ke nan da mega 90. Ƙarin rabi ne, kuma daga aljihunku zai fita, da na mai saye da zai buɗe.

Babbar matsalar tana zuwa ne wajen turawa. WhatsApp da Facebook sukan sake matse bidiyo domin ya yi sauƙin tafiya. Idan rabon kowane sakan ya ƙanƙance, to tiya guda ce za a raba, kuma rabon mutum 60 ba zai kai na mutum 30 ba. Abin da ya fara lalacewa shi ne ƙananan zane: furen atamfa, ramukan leshi, saƙar tabarma, ɗinkin wuyan riga. Ga mai sayar da tufafi kuwa, nan ne kuɗin kayan suke.

Sai maganar haske. A hoto 30, kowane hoto yana iya shan haske har kashi ɗaya cikin 30 na sakan. A 60, rabin wannan lokaci kawai yake samu. Cikin rumfa mai duhu, waya takan tilasta wa hoton ya yi haske, sai ya cika da ɗigo-ɗigo kamar an watsa yashi. Wannan yashi yana sauyawa a kowane hoto, na'ura kuma tana ɗaukar sa a matsayin motsi, sai ta ɓata rabonta wajen adana shi maimakon adana kayanku.

Ko a sinima, yawan hoto bai gamsar da kowa ba. A 2012 Peter Jackson ya fitar da fim ɗin The Hobbit da hoto 48 a sakan, masu kallo da yawa suka ce ya yi musu kama da wasan tele, domin idonsu ya saba da 24. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Inda 60 take da amfani shi ne wurin gudu da saurin motsi: kokawa, sukuwar dawaki, ko ragon Layya da ake so mai saye ya ga tafiyarsa da lafiyar ƙafafunsa. Da rana tsaka a fili, wannan zaɓi yana biyan kuɗinsa.

Abin da za ku kiyaye

Ga kayan da ba sa motsi, ku bar waya a kan 30. Idan kuka ga layuka suna yawo a hoto ƙarƙashin fitilar shago, wutar nan mai juyawa sau 50 ce ba ta jitu da 30 ba, sai ku koma 25 in wayar tana da shi, ko ku fito da kayan waje.

Ku ɗauki bidiyo da safe ko da la'asar, inda haske ya wadata kuma rana ba ta dukan idon kyamara. Ku goge gilashin kyamarar tukuna, domin ƙurar kasuwa da maiƙon hannu sukan dusashe hoto tun kafin a zo ga matsewa.

Ku riƙe waya da hannu biyu, ko ku jingina ta. Idan hannu yana rawa, dukan hoton ne yake sauyawa har da bango, kuma dabarar rubuta abin da ya sauya kaɗai ta rushe. Ku juya kayan a hankali, ku tsaya sakan 2 ko 3 a kan kowane zane. Ku sa kayan gaban bango ko zane mai launi ɗaya, kada bayanku ya zama hanyar da mutane da babura ke wucewa.

Wajen turawa, tun 2023 WhatsApp ya sa alamar HD da ke rage matsewa. Haka kuma idan aka aika bidiyo a matsayin takarda, yakan isa yadda aka ɗauke shi, kuma tun 2022 ana iya tura har jiga 2 ta wannan hanya, sai dai ya fi cin kiredi. Ku ajiye wannan ga babban ciniki. Kada ku sauko da bidiyo daga Facebook ku sake tura shi, domin kowace sabuwar matsewa da abin da take zubarwa, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. Ku tura na asali da ke cikin wayarku, ku haɗa da hoto tsayayye ɗaya ko biyu, tun da hoto guda ya fi bidiyo nuna zane, ga shi da sauƙin nauyi.

Kasuwa amana ce. Bidiyon da ya rage wa kaya kyau hasara ce ga mai kaya, wanda kuma aka yi wa kwalliya har launi ya sauya, rigima ce ranar da kaya suka sauka daga mota. Abin nema shi ne mai saye ya ga kaya yadda suke. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.