Shin Ko Kun San? Mai Ciki da Maganganun Mutane

Da zarar ciki ya fito, kowa ya zama likita: uwar miji, maƙwabciya, har mai tallar magani da lasifika a kasuwar Talatar Mafara. Wata maganar gaskiya ce, wata kuwa kabari take kai mace.

Shin ko kun san ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo ba ta sa jariri ya yi girman da zai gagari haihuwa? Saboda wannan jita-jita mata da dama ke cusa ta ƙarƙashin katifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta sha ta kullum. Bayan gida zai iya yin baƙi, zuciya ta ɗan tashi, wannan ba komai ba ne. Abin tsoro shi ne mace ta shiga naƙuda ba jini a jika, domin zubar jinin da wata za ta jure, ita sai ta tafi da ita.

Shin ko kun san zazzaɓin cizon sauro na iya laɓewa a mabiyiya alhali jikin uwa bai yi zafi ba? Yana shanye mata jini, ya hana ɗan tayi girma. Tun da aka kammala dam ɗin Bakolori a 1978, ruwa na kwance a gonakin shinkafa daga Maradun zuwa Talatar Mafara da Bakura har da rani, kuma inda ruwa ya kwanta sauro ya samu gida. Shi ya sa ake ba mai ciki Fansidar daga wata na 4, aƙalla sau 3, da tazarar wata guda, ko da ta ce lafiyarta ƙalau.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce jijjiga. Za ka ga fuskar yarinya ta kumbura, zobe ya nutse a yatsa, takalmi ya ƙi shiga, kai na sara mata, tana ganin wasu taurari na gilmawa. Sai a ce ai namiji ne a cikin. Ranar da ta faɗi tana taune harshe kuma a ce iska ce, a turara hayaƙi, a rufe ƙofa. Shin ko kun san hawan jini ne? Awon da ya kai 140/90 gargaɗi ne, kuma ɗaura abin awon a dantse ba ya cin minti 5. Akwai allurar da ke tsayar da jijjigar a asibiti. A yi mata addu'a, amma a yi ta a cikin mota.

Shin ko kun san tun shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka lura a Zariya da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka ɗora zargi kan kunun kanwa da zafin wankan jego? Kanwa dangin gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Mai jegon da numfashi ke sarƙe mata in ta kwanta, a ajiye ludayin kunun a nemi likita.

Dakashin da ake matsewa a zubar, wai nono ne marar kyau, shi ne rigakafin farko na jariri.

Gubar dalmar da ta kashe yara kimanin 400 a Anka da Bukkuyum a 2010 tana ratsawa daga jinin uwa zuwa ɗan da ke cikinta. Kada a niƙa dutsen zinariya, wanda dalmar ke cikinsa, a gidan da mai ciki take.

Shin ko kun san a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga sau 4 zuwa sau 8, na farko kafin ciki ya wuce mako 12? A daidai lokacin nan ne amaryarmu ke ɓoye cikin fari cikin hijabi saboda kunya, ko mahaifiyarta ba ta faɗa wa ba.