Gaisuwar da littafi ba ya iya koyarwa

Ma'aikacin tarayya da aka sauya wa wurin aiki daga Abuja zuwa Ibadan zai iya haddace gaisuwar Yarabanci daga littafi, amma ya ɓata wa dattijo rai tun ranar farko. Bayarabe yana ce wa tsaransa "o", yana kuma girmama babba da "ẹ". Sannan gaisuwar tana tafiya ne da jiki: namiji ya rusuna, mace ta durƙusa. Littafi zai faɗi haka, sai dai ba zai nuna lokacin da ake yi da iyakar da ake tsayawa ba.

Wannan giɓi ne malaman harshe ke neman cikewa ta hanyar haɗa rubutu da sauti da bidiyo da wasan kwaikwayo a darasi guda. Buƙatar sauti a fili take. Bahaushe ya san kunne ne ke raba garin zama da garin tuwo, ko da yake rubutunsu ɗaya ne. Haka kalmar "akwa" take a harshen Igbo: gwargwadon karin murya, tana nufin kuka, ko tufa, ko ƙwai, ko gado.

Ido kuwa shi ke kama ladabi. Hadimin da ya raka minista taro a ƙasar Igbo zai ga an kawo goro, an nuna wa baƙi, an yi addu'a a kansa da harshen gida kafin a fasa. Wanda ya taɓa kallon wannan a bidiyo, ya kuma gwada shi a aji, ba zai yi azarɓaɓin miƙa hannu ya ɗauka kamar yadda ya saba a gida ba.

Najeriya ba baƙuwa ba ce ga wannan tunani. An kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, bayan yaƙin basasa, domin matasa su zauna cikin al'ummar da ba tasu ba. Ƙauyen koyon Faransanci na Badagry, wanda aka kafa a 1991, an gina shi ne bisa fahimtar cewa harshe ya fi shiga idan ana rayuwa da shi. A 2017 ma rundunar sojin ƙasa ta umarci jami'anta su koyi Hausa da Igbo da Yarabanci.

Amma akwai hattara. Finafinan Kannywood da Nollywood kayan aiki ne masu sauƙin samu, sai dai sukan zuzuta halin wata ƙabila don ban dariya. Idan babu malami ɗan gida da zai tsayar da fim ya rarrabe al'ada da wasa, ɗalibi zai fita da zargin da ya shigo da shi.

Ga ma'aikatun da ke tura mutane jihohi 36, darasi irin wannan kafin tafiya ya fi sauƙi a kan gyaran alaƙar da gaisuwa ɗaya ta ɓata.