Jijiyoyin Masana'anta: Yadda Na'urori Ke Jin Juna Cikin Hayaniya

Idan ƙaya ta soki mutum a tafin ƙafa, labarin yakan bi jijiya har zuwa ƙwaƙwalwa, cikin gudun da kan kai mita 120 a daƙiƙa ɗaya a jijiyoyi mafi sauri. Masana'antar zamani ma tana da irin wannan buƙata. Akwai na'ura mai auna zafin tukunyar tururi, da mai auna cikar tanki, kuma dole labarinsu ya isa ɗakin kula ba tare da ya gurɓace ba. In aka aiko da lamba ta isa a matsayin wata, famfo zai ci gaba da zuba ruwa a tankin da ya riga ya cika, ko kuma a ƙara wa tukunya wuta alhali ta wuce ƙa'ida.

Matsalar ita ce masana'anta wuri ne mai hayaniyar lantarki. Duk lokacin da babban inji ya tashi, ko aka kunna na'urar walda, maganaɗisun da ke kewaye da wayoyinsu yakan cusa baƙon lantarki cikin kowace wayar da ke kusa. Tsohon tsarin RS-232, wanda ya fito a 1960, yana aika saƙo ta waya ɗaya ne, ana auna ƙarfinsa da wayar ƙasa. Ya wadatar tsakanin kwamfuta da abin da ke gefenta, amma ba a so tsawon wayarsa ya wuce mita 15.

A 1983 ƙungiyar masana'antun lantarki ta Amurka ta fitar da ƙa'idar RS-485. Dabararta mai sauƙi ce ƙwarai. Ana amfani da wayoyi biyu, A da B, in ƙarfin ɗaya ya hau sai na ɗayar ya sauka. Mai karɓa ba ruwansa da ƙarfin kowace waya ita kaɗai, bambancin da ke tsakaninsu yake dubawa. Mai karatu ya tuna da sikelin kasuwa: in aka ƙara tsakuwa iri ɗaya a kowane ɓangare, rinjayen da ke akwai ba ya canzawa. To, haka hayaniya take faɗa wa wayoyin biyu daidai wa daida, ta bar bambancin yadda yake. Domin tabbatar da wannan daidaito ne ake tufka wayoyin kamar igiya, dabarar da Alexander Graham Bell ya yi wa rajista tun 1881 saboda wayar tarho.

Abin da ke yin wannan aiki ɗan guntun silikon ne mai ƙafafu takwas, wanda bai kai girman farce ba. Daga cikin sanannunsa akwai SN75176 na kamfanin Texas Instruments da MAX485 na Maxim. Kowanne yana da baki da kunne, wato sashen aikawa da sashen karɓa. Bakin yana samar da bambancin aƙalla bolt 1.5 tsakanin wayoyin, kunnen kuwa yana iya rarrabe 1 da 0 ko da bambancin ya ragu zuwa bolt 0.2. Wannan rata ce ta sa saƙo ke iya cin tafiyar mita 1,200, muddin ba a matsa da sauri ba. A nan jijiya ta sha bamban da waya, domin ita tana sabunta ƙarfin saƙonta a kowace gaɓa ta hanya. Waya ba ta da wannan baiwa, don haka in tafiya ta zarce iyaka sai an sa wata na'ura a tsakiya ta maimaita saƙon.

Ƙa'idar ta yarda a rataya na'urori 32 a kan wayoyi biyun nan, guntayen baya-bayan nan kuma sun kai da adadin har 256. Sai dai baki ɗaya ne kawai zai yi magana a lokaci guda. Akwai ƙafa ɗaya a jikin guntun da ke buɗe bakin ko ta rufe shi. Tsarin Modbus, wanda kamfanin Modicon ya ƙirƙiro a 1979, ya warware batun kamar yadda malami ke kiran rajista a aji: babbar na'ura ta kira lamba, mai lambar ya amsa, sauran su yi tsit. Guntu ɗaya tak in ya lalace bakinsa ya ƙi rufuwa, ya toshe wa kowa hanya ke nan, kuma gano shi cikin na'urori talatin aiki ne mai cin rai.

Shirun ma da nasa haɗarin. In kowa ya yi shiru, bambancin wayoyin yakan sauka kusa da sifiri, inda kunnen tsofaffin guntaye ba shi da tabbatacciyar amsa, sai ya ɗauki ƙaramar hayaniya a matsayin saƙo. Shi ya sa ake sa rizistoci su ɗan rinjayar da layin gefe guda. Ana kuma sa rizista mai om 120 a kowane ƙarshen layi domin ta shanye saƙon, in ba haka ba sai ya dawo kamar amsa-kuwwa ya rikita na bayansa. Masu haɗa waya kan yi sakaci da wannan 'yar rizista, abin takaici, domin gajeren layi yakan yi aiki ba tare da ita ba, sai an tsawaita shi aibin ya bayyana.

Babban abokin gaba shi ne bambancin ƙarfin ƙasa tsakanin gini da gini. Guntun yana jure wa daga bolt 7 ƙasa da sifiri zuwa bolt 12 sama da shi. Tsawar damina in ta faɗi kusa, tana iya ninka wannan sau ɗaruruwa cikin ƙiftawar ido. Maganin da ake yi shi ne amfani da guntaye masu shinge, waɗanda saƙo ke tsallakewa ta hanyar haske ko maganaɗisu ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba, haɗe da na'urorin da ke karkatar da rarar lantarki zuwa ƙasa.

Ɗalibin da ke son ganin abin da idonsa ba sai ya je masana'anta ba. Da yawa daga cikin inbatocin sola da ake kafawa a gidaje da makarantu suna da wata kafa da aka rubuta RS485 a kanta, ta nan batirin litiyom kan iya sanar da inbata yawan cajinsa da zafin jikinsa.