Lik a Bakin Kubanni: Ɗan'uwan Albasa Mai Son Zurfi

Duk wanda ya tsallaka Kubanni daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari da sanyin safiyar hunturu ya san abin da ido ke gani a gefen ruwa: fangalai a jere kore shar, latas nan, kabeji can, ga karas, ga albasa, injin ban-ruwa na ta ƙugi. 'Yan lambun Zariya ba baƙin albasa ba ne, gadonta suka yi. Sai dai tana da wani ɗan'uwa da ba kasafai ake ganinsa a fadamunmu ba, wanda Turawan Ingila ke kira lik, masu Faransanci kuma su ce puwaro. A Najeriya an fi noma shi a Filato saboda sanyin Jos, masu sayensa kuwa galibi otel-otel ne da manyan kantunan birane. Mutanen Wales a Birtaniya har tambarin ƙasa suka ɗauke shi.

Danginsa ɗaya da albasa da tafarnuwa, amma ba ya yin kai. Ganyensa faffaɗa ne kamar na tafarnuwa, ba bututu ba irin lawashi. Abin da ake nema a jikinsa shi ne farin karan nan mai kauri da ke tsakanin saiwa da ganye, mai taushi, mai ƙamshin albasa ba tare da yajin da ke sa hawaye ba. Kuma farin ba ya samuwa sai inda rana ba ta taɓa ba.

A nan ne gwanin albasa ke yin tuntuɓe, domin sabo turken wawa ne. Hannun da ya saba da dashen albasa ya san ba a nutsa ta: a dangwala da yatsa, a danne, a wuce, kai ya fito sarari ya yi faɗi. Idan aka yi wa lik haka, zai tsiro lafiya lau, ya yi ganye shar, amma ranar cira sai a tarar farin bai kai tsawon ɗan yatsa ba. An yi wahalar wata biyar, an samu lawashi mai tsada.

Saboda haka kayan aikin da ya fi kowanne muhimmanci a wannan noma ba na kanti ba ne. Guntun ƙotar fartanya ce da ta karye, a fiƙe bakinta, a yi mata tsaga a daidai santimita 15 don a san inda za a tsaya. Wanda ke son mai ƙarko sai ya kai wa maƙeri ya sa mata bakin ƙarfe. Da ita ake huda rami, a ɗan juya ta kafin a zare don bakin ya buɗe. Tsakanin rami da rami santimita 15, tsakanin layi da layi 30 ko fiye. Sai a jefa ɗan dashe ɗaya a kowane rami, kan ganyensa kawai ke leƙowa. Abin da zai ba manomin albasa mamaki shi ne ba a cike ramin da ƙasa. Ruwa ake tsiyayawa a ciki a hankali, shi zai zaftaro 'yar ƙasar da za ta rufe saiwa, sauran filin kuma karan ya samu wurin yin kauri.

Wannan ban-ruwan farko da butar ban-ruwa ake yi, ko gwangwani, rami bayan rami. Kada a saki mesar inji a kai. Ƙarfin ruwan zai rufta ramukan lokaci guda, ya binne zuciyar shukar cikin laka.

Kafin a kai ga dashe akwai reno, kuma shi ne ke gwada haƙuri. Irin albasa kan isa dashe cikin mako shida zuwa takwas. Lik yana cin mako takwas zuwa goma, sai ya yi kaurin fensir da tsawon kamar santimita 20. Irinsa baƙi ne ƙanƙane, ba a binne shi fiye da santimita ɗaya. A nan manjagara ke aiki, ta farfasa ƙasa ta yi laushi, domin ƙasarmu kan yi ɓawo in ta sha ruwa ta bushe, tsiron kuwa siriri ne kamar zare. A rufa ciyawa busasshiya har ya fito. Tunda lik sanyi yake so, kuma zafin Maris da Afrilu na sa shi tauri, wanda ya jira Nuwamba kafin ya zuba iri ya makara. A zuba tun Satumba, a yi masa 'yar rumfa saboda ruwan ƙarshen damina, a dasa a Nuwamba, ya ci moriyar hunturu gaba ɗaya.

Maganar iri kuma sai an yi hattara. Lik ba ya fure sai ya sha sanyi mai tsawo, shi ya sa irinsa daga waje ake kawowa cikin leda ko gwangwani, kuma in ya kwana biyu a shago mai zafi ƙarfinsa na raguwa. A duba kwanan watan da ke jiki. A ƙirga ƙwaya 20, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, a duba bayan mako biyu. In rabi ba su tsaga ba, kada a ɓata fangali. Mu da Samaru ke kusa, inda aka kafa tashar binciken aikin gona tun 1922, tambayar malaman gona ba ta fi kuɗin mota ba.

Shi kansa fangalin sai an sake masa fasali. Namu na albasa shafaffe ne, a cika shi da ruwa a toshe, kuma cunkoson shuka ba ya barin ƙasar da za a jawo. Lik kuwa yana son a riƙa tura masa ƙasa a gindi yana girma. Ya fi kyau a ja kunya da garma, a huda ramukan dashen a cikin kwari, sannan duk bayan mako biyu ko uku a zaftaro ƙasa daga kunyar da ƙaramar fartanya mai siririn baki, har kwarin ya koma tudu. Babbar fartanya tana sare saiwa, wadda ba ta yin nisa. Kuma a tsaya ƙasa da inda ganye ya rabu. Ƙasar da ta shiga tsakanin ganye ba ta fita, sai a haƙorin mai ci. Taki ya zama ruɓaɓɓe, a haɗa shi da ƙasa tun kafin dashe, don ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi.

Ranar cira ma ba a fizga kamar albasa. A jiƙa ƙasa tun da yamma, da safe a cusa shebur daga gefe a ɗaga, in ba haka ba karan ya tsinke rabi ya rage a rami. Kuma da yake ruwan Kubanni yana kwasar na kwatocin gari, in an kai kicin a tsaga kowane kara a tsaye gida biyu, a buɗe ɓawo-ɓawo a wanke da ruwa mai tsabta, a dafa shi ya nuna kafin a ci.