Haruna Dula, ɗan ƙasa da ya kai Mena gasar Afirka

Daga Gaya bakin iyaka har Bilma, babu mai son ƙwallon ƙafa a Nijar da ya manta da ranar 10 ga Oktoba 2010. A wannan rana, a filin wasa na Janar Seyni Kunce da ke Yamai, ƙungiyar ƙasa ta Mena ta ci Masar ɗaya da banza, alhali Masar ce ke riƙe da kofin Afirka sau uku a jere. Musa Ma'azu ne ya jefa ƙwallon, amma wanda ya tsara ƴan wasan shi ne Malam Haruna Dula Gabde, wanda aka damƙa wa horon ƙungiyar a 2009.

Dabararsa ba ɓoyayya ba ce: a gida ba a faɗuwa. Mena ta ci Saliyo 3 da 1, ta ci Afirka ta Kudu 2 da 1, duk a Yamai, ta kuma sha kashi a dukkan wasanninta uku na waje. Ranar ƙarshe, 8 ga Oktoba 2011, ƙasashe uku suka tashi da maki 9. Ƴan Afirka ta Kudu har sun fara rawa a filinsu, suna zaton yawan ƙwallaye za a duba. Ashe doka ta ce sakamakon karawar ƙasashen uku a tsakaninsu ake lissafawa. Haka Nijar ta samu shiga gasar kofin Afirka karo na farko tun samun ƴancin kai, hukumar CAF kuma ta zaɓi Dula gwarzon mai horo na 2011.

Abin da ya biyo baya bai yi daɗin ji ba. A Janairu 2012, bayan Gabon ta ci Mena 2 da banza a wasan farko, aka miƙa ragamar ga Bafaranshe Rolland Courbis, wanda aka kawo a matsayin mai ba da shawara. Wasa ɗaya tak aka yi wa ɗan gida haƙuri. Baƙon ma bai tsinana komi ba: Tunisiya ta ci, Maroko ta ci.

Shekaru goma sha ɗaya bayan haka, a Aljeriya a 2023, Dula ya jagoranci Mena a gasar ƴan wasan cikin gida ta CHAN. Suka fitar da Gana 2 da banza, suka kai wasan kusa da na ƙarshe, suka dawo Yamai da matsayi na huɗu.